Tambaya da Amsa: Kyanwata ta ƙi sabawa da mutane, in ba da ita ga wanda zai hore ta da yunwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu a nan Zariya ta tara kyanwoyi sun kusa 30 a ɗaki biyu, ko tsakar gida ba sa fita. Da ciwo ya kwantar da ita 'ya'yanta suka tafi da ita, aka buɗe ɗakunan aka rarraba kyanwoyin. Na ɗauki mace guda ɗaya. Yau wata biyu ke nan, amma da ta ji motsin mutum sai ƙarƙashin gado. Ɗana yana da asma, dole in nema mata wani gida. Mutum biyu sun karɓa sun dawo da ita, ɗaya ma cewa ya yi mai aljanu ce. Yanzu an samu wani, ya ce zai kulle ta kwana huɗu ba abinci, yunwa za ta sa ta saba da shi. Hankalina bai kwanta ba. In ba shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ba shi. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya tukuna.

Maganar aljanu ki ajiye ta gefe. Ɗan kyanwa yana koyon yarda da mutum ne tsakanin sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa. Wanda wannan lokacin ya wuce shi a ɗakin da kyanwoyi 30 ke turereniya a kan kwano ɗaya, ba hannun da ya taɓa shafa shi, to zai girma yana ganin mutum a matsayin abin gudu. Abin da ke damun kyanwarki ke nan, tsoro ne zalla.

Sai batun yunwa, wanda kusan kullum sai na ji shi a asibiti, har ya fara ƙona mini rai. "Ai in yunwa ta ci ta za ta fito." Mutane suna auna kyanwa da yaron da ya ƙi tuwo da rana, da dare ya zo ya cinye har da ƙanzo. Jikin kyanwa ba haka yake ba. Idan ta daina cin abinci, jikinta yakan fara narkar da kitsen da ya ajiye ya tura wa hanta don ta mayar da shi ƙarfi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda, sai ya taru a cikinta ya toshe aikinta. Da hanta ta fara gazawa sai tashin zuciya ya zo, tashin zuciyar ya ƙara hana ta ci, rashin cin ya ƙara tura kitse. Daga nan ko kaza guda ka ajiye mata, kau da kai za ta yi. 'Yan kwanaki kaɗan sun isa a shiga wannan hali, kuma wadda ta ɗan yi ƙiba ta fi saurin faɗawa. Shi ya sa muke cewa kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba a kawo ta, kada a jira na uku.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini tasa a kwalin taliya, kwananta shida a kulle a kan irin wannan shawara. Da na juya kunnenta, cikinsa ya yi rawaya kamar an shafa gangamau, haka dasashinta, haka farin idonta. Miyau na dalala, kanta ya sunkuya ta kasa ɗagawa. Sai da muka sa mata bututu ta wuya ana ɗura mata abinci sati da sati kafin ta dawo. Kuɗin da ya kashe ya isa ya ciyar da ita shekara. Ya ce da ni, "Wallahi likita so nake ta saba da ni." Na yarda da shi, ba mugu ba ne, masu ba da shawarar da ba su sani ba ne suka kai shi. Kuma ba kowacce ke tashi ba.

Ƙari a kan haka, kyanwoyin da suka fito daga cunkoso yawanci suna ɗauke da mura mai toshe hanci. Kyanwa da hanci take cin abinci, abin da ba ta ji ƙanshinsa ba ba za ta taɓa ba. Ka haɗa tsoro da toshewar hanci da sabon wuri, sannan ka ɗauke kwanon, me ya rage mata? Sai kuma in ta galabaita a ruga kemis a ce a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe kyanwa: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Mai kemis ɗin da ke rubuta wa dabba magani bai san wannan ba, ya ji tsoron Allah.

Gaskiya ne ta hanyar ciki ake shiga zuciyar kyanwa, amma da bayarwa. Wanda zai karɓe ta ya ware mata ƙaramin ɗaki, ya sa kwali mai ƙofa da za ta ɓuya, da ruwa, da faranti mai zurfi na yashi nesa da abincinta. Ya riƙa zama a ƙasa kusa da ita yana harkarsa, kada ya zuba mata ido, kada ya miƙa hannu ya janyo ta. Ya ajiye ɗan kifi ko dafaffiyar kaza mai ɗumi, ba albasa ba tafarnuwa, kullum yana matso da kwanon kusa da inda yake zaune. Wata kyanwar sati uku take ɗauka kafin ta saba, wata sai ta yi wata shida. Wata kuma har abada ba za ta hau cinya ba, iyakarta ta kwanta nesa kaɗan tana lumshe ido, kuma a wurinta wannan babbar yarda ce.

Don haka ki nemi gida mai shiru, wurin dattijuwa ko ma'auratan da ba su da ƙananan yara masu bin ta da gudu. In suna da wata kyanwa mai sanyin hali ya fi, domin taki ta tashi cikin 'yan'uwanta, da su ta saba, kuma ganin wata tana zuwa wurin mutum yana rage mata tsoro. Mai shago ko mai sito da ke neman maganin ɓera kada ki ba shi, daren farko za ta gudu, ita kuwa ba ta san titi ba. Ki faɗi gaskiyar halinta tun farko. Ina zaton waɗancan biyun sun ɗauka kyanwar wasa za su samu, kuma duk dawowa ɗaya tana mayar da aikinki baya. Ki haɗa ta da tsumman da take kwana a kai, a tabbatar tagogi suna da raga, kada a bar ta waje aƙalla wata guda.

Kafin ta tafi ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), tunda kusa kike. A yi mata rigakafin ciwon haukan kare da na cututtukan kyanwa, a ba ta maganin tsutsar ciki da ƙuma, a duba fatarta ko akwai makero, don yana kama mutane, musamman yara. A cire mata mahaifa kuma, domin da haihuwa ba tsari ɗakin tsohuwar nan ya cika.

Shi kuma mai kullewa, ki tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Muna karanta shi tun muna Islamiyya, sannan mu zo mu aikata abin da ya hana, mu sa masa suna horo. Duk wanda kika ba a ƙarshe, ki karɓi lambarsa, ki kira shi rana ta biyu da safe ki tambaya ko kwanon daren jiya ya ragu. In bai ragu ba, ki je ki ɗauko ta ku wuce asibiti a ranar.