Amsa ga ɗalibin da yake ganin lissafin aji ɓata lokaci ne

Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce kana aji uku a sashen injiniyan lantarki amma har yau ba ka iya haɗa wayar ɗaki ɗaya ba, alhali abokinka da ya shiga shagon gyara a Birnin Kebbi tun bayan sakandare yana naɗin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke cikin injinan lantarki, yana ci da kansa, shi ya sa kake ganin lissafin da ake ɗura muku ba shi da amfani. Na fi shekara 15 a wannan aiki, kuma ni ma na taɓa jin abin da kake ji.

Ranar da na fara koyon aiki, maigidan shagon ya miƙo mini waya ya ce in fere bakinta. Na sa filaya na datse rabin silin tagullar da ke ciki, yaran shago suka yi ta dariya suna kirana injiniyan takarda. Abin ya yi mini ciwo, amma kafin wata biyu hannuna ya faɗa, domin irin wannan ƙwarewa maimaici kawai take so.

Abin da maimaici ba ya bayarwa na gan shi ne bayan shekaru, a wata gonar shinkafa da ke fadamar Argungu. Famfon rijiyar burtsatse ya ƙone sau uku cikin rani ɗaya, kuma kowane karo ana kai shi wurin mai naɗi, wanda gwani ne ƙwarai, ya naɗa a mayar ya sake ƙonewa, har mai gonar ya fara zargin an sa masa hannu. Da na je ban taɓa famfon ba, sai na bi wayar da ƙafa tun daga janareta, na tarar tsawonta ya kai mita 200, kaurinta kuwa murabba'in milimita 2.5 ne kacal. Na yi lissafi a bayan kwalin siminti: zuwa da dawowa mita 400 ke nan, turjiyar da tagullar ke yi wa wuta ta kusa om 3, idan wutar da famfon ke ja ta kai amfiya 10 to kusan bolt 30 na ƙarfin wutar sun zube a hanya. Injin famfo irin wannan idan ƙarfin wuta ya gaza masa sai ya ƙara jan amfiya, zafin da ke tashi a koyil kuwa ninkin ba ninki yake yi, wato idan amfiya ta ninka sau biyu zafi ya ninka sau huɗu. Muka sauya waya mai kauri 6, famfon ya kai ƙarshen noman rani lafiya. Dokar Ohm ce kawai, wato amfiya sau om ya ba da bolt, wadda ake koya mana tun aji ɗaya muna hamma. Mai naɗin ya fi ni iya naɗi nesa ba kusa ba, sai dai matsalar ba a kan teburinsa take ba.

Kada ka ɗauka ina wanke jami'o'inmu ne. A wurare da yawa ɗalibai sun fi kayan gwaji yawa, mutum ɗaya ke riƙe da na'ura sauran suna leƙe ta bayan kafaɗarsa suna kwafar sakamako. Irin wannan giɓi ne ya sa hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta kafa shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, kuma a aji huɗu za a ba ka wata shida ka fita koyon aiki. Abin takaicin shi ne yawancin ɗalibai ofis mai sanyi suke nema, inda za a sa musu hannu a littafin rahoto ba tare da sun taɓa ko sukurdireba ba. Ka nemi wurin da za ka yi gumi, ko da ba a biyan ka kwabo: masana'antar casar shinkafa, ko masu gyaran tiransifoma, ko masu kafa sola a karkara. Ita ma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ba ta yi wa mutum rajistar injiniya da shaidar digiri kaɗai, sai ta ga shekarun da ya yi yana aiki.

Amma kada ka jira aji huɗu. Ka sayi ƙaramar mita ta gwajin wuta, ka riƙa zuwa shagon abokin nan naka duk Asabar, ka ajiye girman kai ya koya maka naɗi. Idan ya warware koyil, ka ƙirga zagayen tare da shi, ka rubuta lambar kaurin wayar tagullar da ya yi amfani da ita, da dare ka buɗe littafinka ka lissafa dalilin da ya sa aka zaɓi wannan lamba ba wata ba.