Alhaji, Daina Rubuta Kwanan Wata da Hannu

Saƙonnin wannan mako kusan duk a wuri ɗaya suka faɗa, wato tsara aiki da kwamfuta. Na zaɓi shida. Na biyun ne ya fi damuna, don haka ku yi haƙuri, zan daɗe a kansa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. An ce mu kawo jadawalin Gantt, wato zanen da ke nuna lokacin fara kowane aiki da gama shi, na aikinmu na ƙarshen shekara, kuma manhajar Microsoft Project ta fi ƙarfin aljihuna. Wani abokina ya ce zai sa mini ta sata.

Amsa: Ƙanena, ka gode wa abokin naka, ka bar masa kayansa da ƙwayoyin cutar da ke ciki. Sauke GanttProject ko ProjectLibre. Dukansu kyauta ne, suna da Faransanci, kuma da zarar ka girka su ba ruwanka da rezo. ProjectLibre tana buɗe fayilolin Microsoft Project in malaminku da ita yake aiki. GanttProject ta fi sauƙin koyo, kuma tana fitar da PDF. Ta ishe ka.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne daga unguwar Birni. Na samu aikin gina azuzuwa biyu a wani ƙauye kusa da Mirriah. Yarona ya shirya mini jadawali a Microsoft Project, layi sittin, kowane aiki mun rubuta masa ranar farawa da ranar gamawa. Siminti ya makara da sati guda, muka canza ranar, amma sauran ayyukan ba su gusa ba. Sai da muka kwana muna gyara su ɗaya bayan ɗaya. Shin manhajar ce ta lalace?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, manhajar lafiyarta ƙalau. Ku ne kuka sayi mota kuka ɗaura mata shanu suna ja. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wannan matsalar na gan ta har na gaji, kuma tana ci mini rai, domin kuɗin jama'a ne ke salwanta a cikinta. Sandunan nan masu launi da kake gani kwance a fuskar kwamfuta sunan wani injiniya Ba'amurke suke ɗauke da shi, Henry Gantt, wanda ya yi amfani da su tun wajen 1910 zuwa 1915. A zamaninsa da hannu ake zana su, in abu ɗaya ya canza sai a sake zanen duka. Sai a 1957 ma'aikatan kamfanin DuPont da na Remington Rand suka fito da hanyar da za a ba inji jerin ayyuka da dangantakarsu, shi kuma ya lissafa ranakun. Microsoft Project ɗin da ke hannunka tun 1984 take wannan lissafin. Kai da yaronka kun kwana kuna yin aikin 1910 a gaban injin da aka ƙera don ya hutar da ku shi.

Abu uku kawai kowane aiki ke buƙata daga gare ka: sunansa, kwana nawa zai ci, da kuma aikin da dole a gama kafin a fara shi. Kwanan wata guda ɗaya tak za ka rubuta a duk fayil ɗin, ranar da za a fara aikin gaba ɗaya. Sauran ranakun ba naka ba ne.

Bari mu ɗauki ginin naka, mu rage shi zuwa layi takwas. Haƙa tushe kwana 4. Zuba kankaren tushe kwana 3, bayan haƙa. Buga bulo kwana 6, sannan a bar shi kwana 7 ana ba shi ruwa kafin ya ɗauki nauyi. Ɗora bango kwana 12, kuma ba zai fara ba sai tushe ya kammala bulo kuma ya yi ƙwari. Rufin kwano kwana 5. Filasta kwana 6. Fenti kwana 3. Ƙofofi da tagogi suna wajen mai walda, kwana 10, zai iya farawa tun ranar farko, kuma a ce ba a buƙatarsu sai za a fara filasta.

Yanzu ɗauki biro. Tushe zai kammala a kwana na 7. Bulo sai kwana na 13. Ke nan bango ba zai tashi ba sai bayan kwana 13, ya ƙare a 25, rufi a 30, filasta a 36, fenti a 39. Wannan sarƙar, daga bulo zuwa bango zuwa rufi zuwa filasta zuwa fenti, ita nake kira ƙashin bayan aiki, kuma in ka nemi manhajar ta nuna maka ita, da ja take fito da ita. Duk kwanan da ya ɓace a cikinta ya ɓace a ranar miƙa makulli. Masu haƙa tushe kuwa suna da rarar kwana 6. Mai walda yana da rarar kwana 20, wato ko ya yi maka ƙaryar sati biyu, ka sha shayinka, ba abin da ya taɓu. Amma simintin bulo ya makara kwana 3 kacal, 39 ta koma 42.

To, wa kake tsayawa a kansa da safiyar ranar farko? Na tabbata masu haƙa ne, don su ido ke gani, su ne masu ƙura da diga. Mai buga bulo yana can gefe yana jiran amalanken ruwa ba wanda ya leƙa shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga kuma abin da jadawalin da aka rubuta da hannu ba zai taɓa faɗa maka ba. A ce ka sayi bulo bugagge, wanda ya riga ya bushe. Kwana 13 ɗin nan sun tafi, bango zai fara bayan kwana 7, aikin ya ƙare a 33. Ka ci ribar kwana 6, kuma daga wannan lokacin masu haƙa tushe sun shigo cikin jar sarƙa, yanzu ne tsayawa a kansu ke da amfani. In an haɗa ayyukan yadda ya kamata, cikin minti ɗaya za ka gwada wannan, ka ga ko ƙarin kuɗin bulon ya kai darajar kwanakin. Haka nan in an matsa maka ka gaggauta, ƙarin ma'aikata sai a kan jan layi. Ka zuba mutum goma a wajen mai walda, ko awa ɗaya ba ka rage ba. Kwana bakwai na shan ruwan bulo kuwa, ko Damagaram gaba ɗaya ka gayyato ba za su rage shi ba.

Gyaran fayil ɗinku ga shi. Tun daga fitowar 2010, Microsoft Project tana barin sabon aiki a tsarin hannu sai ka canza da kanka. Ka ce wa yaron ya zaɓi layukan duka ya mayar da su tsarin da manhajar ke lissafi da kanta. Sannan ya duba gefen hagu: duk layin da ke da ɗan hoton kalanda, ƙusa ce kuka buga masa da kuka rubuta rana da hannu, ya cire ta. Sai ya cika gurbin aikin da dole a fara gamawa, ya rubuta lambar layin da kowane aiki ke jira. Iri huɗu ne na haɗi, amma mafi yawan ayyukanka "sai wancan ya ƙare wannan zai fara" ne. Na biyu mai amfani shi ne "su fara tare da ɗan tazara", kamar mai fenti ya biyo mai filasta da kwanaki a aji na farko alhali ana kan na biyu. Kwanakin jiran bulo kuma kar ya sa su a matsayin aiki, tazara ce a jikin haɗin, kuma ya sa ta ƙirga har ranakun hutu, don siminti bai san Lahadi ba.

Bara na leƙa wani shantiye na makaranta a kan hanyar Magaria. A ɗakin mai gadi an manna jadawali da selotef, takarda huɗu an haɗa. Rana ta cinye launinsa, zanzaro ya yi gini a kusurwarsa ta sama. Bisa takardar, an gama fenti wata biyu da suka wuce. A waje kuwa bango bai wuce taga ba, yara suna can ƙarƙashin rumfar zana suna karatu cikin iskar hunturu. Na tambayi mai kula da aikin yaushe aka buɗe fayil ɗin na ƙarshe, ya ce tun ranar da aka kai takardun neman kwangila. Wannan hoton ne ke dawo mini duk lokacin da na ga irin saƙonka.

Don haka ga al'adata, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta. Kafin a kafa diga, ka adana tsarin farko a cikin manhajar, akwai wurin yin haka, don ka riƙa auna inda kake da inda ka yi alkawari. Sannan kowace Alhamis bayan la'asar ka zauna da shugaban magina minti ashirin. Kar ka tambaye shi kashi nawa cikin ɗari aka gama, zai ce maka tamanin, sati mai zuwa ma tamanin. Tambaye shi kwana nawa suka rage. Wannan lambar za a shigar, sai ka dubi inda ranar ƙarshe ta koma.

Tambaya: Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Tanout. Manhajar ta ce za mu gama raba kayan ranar Babbar Sallah. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, sai dai ki raba wa raguna. Ba ki gyara kalandar aikin ba. Yadda take zuwa, Litinin zuwa Juma'a ne, awa takwas a rana, ba ta san hutun ƙasarmu ba. Shigar da 3 ga Agusta da 18 ga Disamba da sauran ranakun hutu. Sallah da Maulidi kowace shekara sai kin sake sa su, tunda suna matsowa da kimanin kwana 11. Rage awannin Juma'a da na watan azumi. In akwai ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, shi ma ki rufe masa waɗannan makonnin tun yanzu.

Tambaya: Ni sabon shiga ne. Ta yaya zan san kwana nawa aiki zai ci, alhali duk wanda na tambaya sai ya ce "in sha Allahu jibi"?

Amsa: Kar ka yi masa tambaya ɗaya, yi masa uku. In komai ya tafi daidai, kwana nawa? Yadda aka saba fa? In wuta ta yi ta yankewa, ƙarfe ya yi wuya a kasuwa fa? A ce ya ba ka 5, 8 da 17. Ninka ta tsakiyar sau huɗu, haɗa da sauran biyun, raba da shida: 5 da 32 da 17 sun zama 54, ka samu kwana 9. Wannan lissafin daga tsarin PERT yake, wanda rundunar ruwan Amurka ta fito da shi a 1958 don aikin makamin Polaris. Yana aiki a kan mai walda na Sabon Gari ma. Kuma ka ajiye littafi kana rubuta kwanakin da kowane aiki ya ci da gaske, bayan aiki uku littafin zai fi kowa faɗa maka gaskiya.

Tambaya: Ɗana, bikin ɗiyata nake shiryawa nan da wata biyu. Salula kawai gare ni. Jikana ya ce in sa wannan Gantt ɗin.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Jikan naki so yake ya ga kin wahala. Ki ce ya sa miki manhajar Trello, ya yi jeri uku: ba a fara ba, ana kai, an gama. Kowane abu kati ɗaya da sunan wadda ke riƙe da shi, in ya kammala ki ja shi da yatsa. In rezo na ba ki wahala, littafin lakwal mai layi zai yi aikin nan daidai. Abu ɗaya dai, ki fara da tela da kafinta, su ne jar sarƙarki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Wuta ta yanke, aikin awa huɗu ya tafi. Akwai dabarar dawo da shi?

Amsa: In ba ka adana ko sau ɗaya ba, sai haƙuri. Ctrl da S bayan kowane layi goma. Microsoft Project tana da adanawa ta kai da kai, amma a kashe take zuwa, shiga saitinta ka kunna, ka sa minti biyar. Kowace yamma kuma ka tura wa kanka kwafi ta imel, da kwanan watan a jikin sunan fayil ɗin.