Kwikwiyon gadi: yaushe za a saya, yaya za a hana shi cizo?

Tambaya: Ina son kwikwiyo don gadin gidana da ke bayan gari. Mai sayarwa ya nuna min ɗan sati 5, ya ce in ɗaure shi a lungu kada ya ga kowa, wai haka zai tashi da zafi. In saya? Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Malam, in ya kwanta maka a rai, ba da kafin alƙalami, amma a bar shi wurin uwarsa sai ya cika sati 8. A tsakanin nan yake koyon sassauta baki: ya gartsa wa ɗan'uwansa cizo, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, shi kuma ya gane ya wuce gona da iri. Wanda aka raba da su da wuri, a hannun yaranka zai yi wannan karatun.

Batun ɗaurewa a lungu kuwa, ban yarda da shi ba sam. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14, abin da kwikwiyo ya saba da shi ba ya firgita shi in ya girma. Wanda aka ɓoye, tsoro yake tashi da shi, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da mai ga-ruwa ko almajirin da ya zo sallama. Bari ya ga mai rawani, mai hijabi, tsoho da sanda. Ya ji ƙarar babur da janareta, ya ga awaki da kaji, a hankali, kana ba shi ɗan abin taɓawa. Haushin gadi zai zo da kansa.

Sai dai a yi hakan cikin gida, ban da yawo a bola, har ya gama rigakafi. Ana fara allurar parvo da distemper, cututtukan karnuka biyu masu kisa, a sati 6 zuwa 8, a maimaita har wajen sati 16. Ta haukan kare kuma a wata 3. Nemi katin allura wurin mai sayarwa, ka kai wa likitan dabbobi ya duba.

Tambaya: Kwikwiyonmu ɗan wata 4 ya addabi yara da cizo, ya kuma cinye min takalma. In sayi takunkumi? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Famfara yake yi: haƙoran yarinta 28 ke zubewa, na girma 42 na fitowa, dasashi na masa ƙaiƙayi har wajen wata 6 ko 7. Takunkumi na ranar zuwa asibiti ne. Ki sayi roba mai kauri ta tauna, ko ki ƙulla tsohon tawul, ki jiƙa shi ya yi sanyi. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke shi.

Da haƙori ya taɓa fata, yaro ya tsaya cak, ya naɗe hannu, ya juya baya. Gudu da ihu, a wurin kwikwiyo, gayyatar wasa ce. In ya natsu a miƙa masa robar. Duka da murɗe baki suna koya masa tsoron hannu ne kawai, kuma duk gidan a bi ƙa'ida ɗaya, har da maigida mai son kokawa da shi.

In cizon ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar, musamman in ba a yi wa kwikwiyon allurar haukan kare ba.