Tambaya da Amsa: Takin Masai a Lambu

Tambaya: Malam, ina noman latas da alayyafo a Ojo nan Legas, taki ya yi tsada, wani direban tankar kwashe masai ya ce zai juye min kyauta. In karɓa? Daga wani mai lambu.

Amsa: Ɗan'uwa kar ka karɓa wallahi, ɗanye ne. Ƙwan tsutsar ciki yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, kai kuma latas kake nomawa wanda ba a dafawa, yankawa kawai ake a zuba a salak, ga taifot ga kwalara. Takin da ake yi da kashin mutane sai an sarrafa shi tukuna, a Amurka dokar 1993 ta ce tulin ya kai zafin digiri 55 a ma'aunin Celsius na aƙalla kwana 3, in juya shi ake a fili kwana 15. Kuma ko ya dahu, in ruwan masana'anta ya gauraya ciki, ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom ba sa ruɓewa, ƙasarka za ta shanye su ganye ya zuƙa. Shi direban ma ai wajen zubarwa yake nema, kuɗin juji yake gudu! Ka nemi kashin kaji ko na shanu, ka bar shi ya ruɓe sosai kafin ka zuba.