Tambaya da Amsa: Maigidana na tangaɗi tun da aka cire masa ƙari a jijiyar kunne

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mako bakwai ke nan da aka yi wa maigidana tiyata, aka cire masa ƙari a jijiyar kunnen hagu. Har yau in ya miƙe sai ya dafa bango, in ya waiwaya sai jiri ya ɗebe shi. Mun hana shi fita, kullum yana kwance, kuma yana shan maganin jiri, Stugeron, safe da dare. Ko ƙarin ne ya dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara masa sauƙi. Irin wannan ƙari a hankali yake girma, cikin shekaru, don haka da wuya ya dawo cikin mako bakwai, kuma hoton MRI da likitan tiyata zai sa a ɗauka shi ne zai kwantar miki da hankali. Abin da ya fi yiwuwa shi ne jijiyar daidaito ta kunnen hagu, wadda ke taimaka wa jiki tsayuwa ba tangaɗi, ta tafi tare da ƙarin, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta riga ta saba dogaro da kunnen dama da idanu da tafin ƙafa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kwanciyar nan da ƙwayar nan, domin kusan kullum sai an kawo mini mara lafiya da aka killace a ɗaki da sunan tausayi. Ƙwaƙwalwa ba ta gyara kuskuren da ba ta gani ba. Jirin da yake ji idan ya juya kai shi ne saƙon da take aiki da shi wajen sake daidaita kanta, wanda kuwa ya sandare wuya ya kwanta ya hana ta wannan darasi. Tun a shekarun 1940 likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa masu motsa kai da wuri sun fi saurin miƙewa, amma har yau mai kemis zai miƙa wa mutum Stugeron ko Stemetil kamar alewa, ya ce ya sha har jiri ya daina. Amfanin waɗannan magunguna a kwanakin farko ne kawai, lokacin amai da hajijiya mai tsanani. Bayan nan dusashe saƙon suke yi, su jinkirta warkewa, su sa barci da kasala, Stugeron ma in an daɗe ana sha yana iya jawo wa dattijo karkarwar hannu. Daga nan sai dangi su ce iska ce, a koma hayaƙi. Ki kai ƙwayar ga likitansa ya tsara yadda za a daina.

Sannan ki nemi a tura shi sashen fisiyo, inda ake jinya ta hanyar atisayen motsa jiki. Atisayen farko ba ya bukatar kuɗi: a rubuta babban harafi a takarda, ya riƙe da tsawon hannu, ya kafa masa ido yana juya kai dama da hagu, sannan sama da ƙasa, ba tare da harafin ya dushe ba. Ya yi sau 3 a yini, jimilla minti 12 aƙalla, a zaune tukuna, daga baya a tsaye. Jiri kaɗan da ke lafawa bayan 'yan mintuna alama ce ta cewa aikin yana ci. Ya riƙa zagaya tsakar gida da wani a gefensa, yana waige-waige, in ƙafa ta yi ƙwari a koma kan yashi da cikin jama'a. Ruku'u da sujada da sallama duk motsin kai ne, ya koma musu sannu a hankali kusa da bango. Duhu ne zai fi ba shi wahala, a bar masa fitila a hanyar banɗaki, tuƙin mota da babur kuma su jira izinin likita.

Amma in kin ga ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci ko kunne ko wurin ɗinki, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ciwon kai mai ƙaruwa da amai, a ajiye atisaye a tafi asibitin da aka yi tiyatar a ranar.