Amsa ga Gwaggo kan "abincin ƙanƙara" da ake cewa muna ba yara a Houston

Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, har da maganar da kuka ce ana yi a gidan suna, wai mu mutanen Amurka mun daina ɗora tukunya da safe, sai wani naɗaɗɗen abu da ya yi wata a firiza muke ba yara. Ba ƙarya aka yi mana ba gaba ɗaya. Sunan abin burrito, kuma ba ƙyuya ce ta kawo shi gidajenmu ba.

A nan babu mai ƙosai a bakin layi, babu yaron aike, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa kwano. Motar makaranta na tsayawa tun gari bai gama wayewa ba, uwa da uba kowa na da wurin aikin da zai kama. Wake yana nan, irin namu mai baƙin hanci, cike da kantuna, amma jiƙo da surfe da markaɗe aikin Asabar ne, ba na Talata da asuba ba.

Asalin burrito abincin arewacin Meziko ne da jihohin Amurka da ke kan iyakarta, kamar Texas da New Mexico. Wani siririn burodin fulawa ne mai faɗi da suke kira tortilla, ana zuba haɗi a ciki a naɗe kamar shawarmar da kuka sani a Kano. Nasu na safe yawanci da naman alade ake yi, ko chorizo ko bacon, don haka ba ma saye a waje sai mun san wurin. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba a gani: tortilla ta gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa ta, haka ma dameren waken gwangwani da yawa. Duk macen da ta daɗe a nan ta san ta juya leda ta karanta. In ta ga an rubuta lard ko manteca, sai ta mayar ta ɗauki mai man gyaɗa ko wani man tsiro. Masu cewa mun saki addini da sun ga yadda ake tsayawa karanta bayan leda a kanti, da sun sassauta.

Ga yadda ake haɗa guda 10. Ana buƙatar tortilla 10 masu faɗin inci 10, don ƙananan ba sa naɗuwa da kyau. Sai ƙwai 12, dankalin turawa matsakaita 4, rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa daga mahautan halal, babbar albasa, tattasai 2, attaruhu gwargwadon bakin gida, da gurzajjen cuku kamar giram 200. Dankalin a yanka ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, a soya ko a gasa har ya yi ja ya bushe. Dafaffe a ruwa ba ya yi, don in ya daskare ya narke sai ya zama ruwa-ruwa. Naman a soya shi da albasa da tattasai har ruwansa ya ƙone ƙurmus, a tsiyaye man da ya fito, sannan a barbaɗa yajin tsire. Wannan yajin shi ne hannunmu a cikin abin, maƙwabtanmu 'yan Meziko ma suna tambayar inda ake samunsa.

Ƙwai shi ne inda ake yawan faɗuwa. A kaɗa da gishiri, a zuba a kasko da wuta ƙasa-ƙasa, a sauke yana da sauran laushi da sheƙi. Dalili kuwa za a sake ɗumama shi, in an soya shi ya yi ƙarau tun farko, to a karo na biyu zai yi tauri ya riƙa fitar da ruwa. Ɗanyen tumatir, latas, ko miyar salsa kada su shiga ciki ko kaɗan. Waɗannan sai lokacin ci, a gefe.

Bayan nan sai haƙuri. Komai a baza shi a faranti ya huce sosai kafin a naɗe. In aka naɗe da zafi, tururin zai maƙale a ciki ya zama ƙanƙara, ranar da aka ɗumama sai tortilla ta jiƙe ta yage a hannun yaro. Amma kuma ba a barin dafaffen ƙwai da nama su wuce awa 2 a waje, shi ya sa ake baza su a faɗi don su huce da wuri.

Wajen naɗi, a ɗan ɗora tortilla a busasshen kasko na sakan 15 ta yi laushi, mai sanyi tsagewa take yi. A fara da cuku a ƙasa, don in ya narke yana tare danshi. Haɗin kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na kofi, a zuba ƙasa da tsakiya kaɗan, a lanƙwaso gefen dama da hagu, a ɗago na ƙasa a rufe haɗin, a ja shi ya matse, a mirgina. Mai son zuciya da ta cika shi tim za ta ga bakin ya ƙi haɗuwa. Kowanne a naɗe shi a takardar gashi ko foyil, a jera a ledar firiza, a matse iskar ciki, a rubuta kwanan wata. A firij kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. A firiza yana kai wata 2 zuwa 3 kafin ɗanɗanonsa ya fara gudu.

Na san a nan ne hankalinku ya ƙi kwanciya, kuma kuna da hujja. A inda ake ɗauke wuta, abin firiza yakan narke ya sake daskarewa, ba wanda ya san sau nawa, kuma irin wannan shi ke ɓata ciki. Wanda ya tsaya daskare cak tun ranar da aka sa shi, hukuncinsa daban. Mu ma in guguwa ta ɗauke wuta ta daɗe, zubarwa ake yi ba a jayayya.

Da safe sai a cire foyil, don ba ya shiga maikirowef, tartsatsi yake yi. A lulluɓe da tishu mai ɗan lema, a ba shi minti 2 zuwa 3, a juya a tsakiya, a tabbatar cikinsa ya yi zafi har yana turiri, ba gefe da zafi tsakiya da ƙanƙara ba. Mai hankali tun dare take sauko da shi firij, da safe ta gasa a kasko bayansa ya yi ƙamas-ƙamas. A watan azumi da shi gidaje da yawa ke sahur.

Sai ɗaya tambayar taku, ko surukanmu 'yan Meziko ne suka canja mana tukunya. Gwaggo, auratayyar tana nan, ba ma ɓoyewa, kuma a garin nan har cibiyar Musulunci ta masu jin Sifaniyanci akwai. Waɗanda suka shigo cikinmu wasunsu sun iya tuƙin tuwo, 'ya'yansu na durƙusawa su gaida manya. Abin da ya fi damun iyaye a nan shi ne yaro ya ji Hausa ya mayar da amsa da Turanci, ba abin da ya ci da safe ba. Kuma duk wanda zai taho daga gida a haɗo shi da kuka. Kilishi kuwa kada a wahalar da kai, a filin jirgi ake ƙwace shi.