Zaman ces da abokai, wanda aka ci shi ke biyan kuɗin shayi

Tambaya: Malam, mu biyar ne, duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a shagon ɗayanmu, ana buga ces (wasan chess), ana hirar tarihinsa da ta kimiyya. Wanda aka ci shi ke biyan shayi da tsire. Wani ɗan'uwa ya ce zaman gaba ɗaya haramun ne, har ya kawo hadisin tsoma hannu a naman alade. Mene ne gaskiya?

Amsa: Malam, ces ka tambaya, amma ni shayin nan da tsiren ne suka tsaya mini. Muddin sakamakon wasa ne ke nuna wanda zai sa hannu a aljihu, caca ce, ko da naira ɗari ce, babu saɓani. Ku yi karo-karo, ko a riƙa zagayawa, yau wane, mako mai zuwa wane.

Hadisin da ɗan'uwanka ya kawo ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi, sai dai a kan nardu ya zo, wasan da ake jefa ɗan lido. Shaɗaranji, wato ces ɗinku, daga Indiya ya taso ya shiga Farisa, Larabawa ba su rungume shi ba sai bayan an ci Farisa da yaƙi, kuma malaman hadisi sun ce babu hadisi ingantacce da ya ambace shi. Masu haramtawa, kamar Hambalawa, kiyasi suka yi. Har Ibnu Taimiyya yana ganin ces ya fi nardu sharri saboda yadda yake cinye zuciya. Ina girmama wannan magana, amma kiyasin bai zauna mini ba. Nardu sa'a ce, abin da ya faɗo shi ke nan. Ces kuwa lissafi ne tun daga turin farko. Shagaltarwa kuma ba ta tsaya gare shi kaɗai ba, in don ita ce, da kallon ƙwallo ya riga shi shiga haramci. Shi ya sa Shafi'awa suka tsaya a karhanci, da sharaɗin babu kuɗi, babu ashar, babu jinkirta salla. Nan na karkata.

Amma kada ka je kana ce wa ɗan'uwanka jahili. Imamu Malik ya ƙi wasan, Risalar da muka karanta a zaure ma ta ce bai halatta ba, ta karhanta zama wurin masu yi, ko da yake ta yarda a yi musu sallama. Ɗan'uwanka yana da magabata.

Wanda ya fara bayan la'asar, magariba ce ke hannunsa. Na sha ganin mutum ya riƙe dokin ces a sama, ladan na kira, yana cewa "bari in ƙarasa wannan". Da an yi kira a bar allon yadda yake, ba ya gudu.

Hirar kimiyya kuwa alheri ce. In ta gangaro kan aya ko hadisi, wanda bai karanta ba ya kama bakinsa. Kuma in kana da iyali, ka tambaye su ko Asabar ɗin nan tana yi musu daɗi.

Wallahu a'alamu.